Wa ya haifi Optimus Prime? Yadda marubuta ke laluben asalin injuna masu rai

Tun da fim ɗin Transformers na 2007 ya fito, yara daga Djamboutou har Yelwa sun san Optimus Prime, babbar motar nan da ke miƙewa ta zama ƙato mai magana. Da Chitti na fim ɗin Indiya Enthiran (2010) babu gardama, an nuna injiniyan da ya haɗa shi. Amma mutanen ƙarfe na duniyar Cybertron fa, wa ya ƙera na farkonsu? Wannan tambaya ta fi shekara 150 tana wahalar da marubutan ƙagaggun labaran kimiyya.

Wanda ya fara tayar da ita sosai shi ne Samuel Butler, ɗan Ingila mai kiwon tumaki a New Zealand. A 1863, shekara huɗu bayan littafin Charles Darwin, ya rubuta wa wata jarida wasiƙa yana cewa injuna ma suna sauyawa zamani bayan zamani, kuma mu mutane ne ke yi musu aikin haihuwa. Ya faɗaɗa batun a littafinsa Erewhon a 1872.

Bayan shi, amsoshin sun kasu uku.

Ta farko ita ce mafi ƙarfin hali: wai ƙarfe da kansa ya taru ya rayu. Mujallar zane ta Marvel ta 1984 ta ce a Cybertron, giya da sauran sassan inji sun samu ne haka nan a ƙasa, daga nan rai ya ɓullo. Masu labarin da kansu ba su daɗe a kan wannan ba. A 1986 suka kawo wasu halittu, Quintessons, a matsayin maƙera, daga baya kuma aka ƙirƙiro wani mahalicci mai suna Primus.

Ta biyu ita ce injunan da iyayengijinsu suka mutu suka bari. Stanisław Lem na ƙasar Poland, a littafinsa The Invincible (1964), ya kai 'yan sama jannati duniyar Regis III, inda suka tarar da garken ƙananan injuna kamar fari. Manyan injuna masu wayo sun ƙare a yaƙin neman makamashi, ƙananan marasa tunani suka saura, domin ɗan hasken rana ya ishe su.

Ta uku ita ce kuskuren kwafi. A Code of the Lifemaker (1983), James P. Hogan ya sa wani jirgin baƙi da ya samu lahani ya sauka a Titan, watan duniyar Saturn. Masana'antunsa suka yi ta haɗa irinsu da umarni mai tangarɗa, har bayan shekara miliyan aka samu al'ummar ƙarfe mai sarakuna da malamai, suna ta musun wa ya yi su. Tushen wannan ra'ayi na masanin lissafi John von Neumann ne, wanda tun ƙarshen shekarun 1940 ya nuna a takarda cewa inji na iya haɗa irinsa idan yana ɗauke da bayanin yadda aka yi shi.

To, akwai abin da ke goya wa amsa ta farko baya a zahiri? Akwai ɗan abu. A 1972 masana 'yan Faransa suka gano cewa a Oklo, nan maƙwabciyarmu Gabon, ma'adinin yuraniyam ya taɓa kunna kansa kamar tashar nukiliya, kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, ruwan ƙasa na daidaita shi. A 2013 kuma Malcolm Burrows da Gregory Sutton na Jami'ar Cambridge suka nuna cewa wani ƙaramin ƙwaro mai suna Issus yana da haƙoran giya a ƙafafunsa na baya, masu sa ƙafafun su tashi tare in zai yi tsalle.

Sai dai a lura: Oklo bai haifi wani Oklo ba, giyar Issus kuwa a jikin mai rai ta tsiro. Matsalar ƙarfe ke nan. Tantanin halitta yana tsotsar abincinsa daga ruwa ya rabu biyu. Inji kuwa sai an haƙo tama, an narka, an sassaƙa, an ɗaura. Kowane bakanike a Garoua ya san babur ɗin da aka jingine shekara guda tsatsa yake yi. Injunan gurzar auduga na Sodecoton da na'urorin lantarki na madatsar Lagdo ma sai da hannun ma'aikaci suke tafiya.

Shi ya sa Lem da Hogan, waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan da kimiyya, duk suka ajiye maƙeri a farkon labarinsu, suka bar sauyi ya ci gaba daga nan. Mai karatu Musulmi ba zai yi mamakin haka ba, ya saba da hujjar malaman tauhidi cewa abin da aka tsara yana nuni ga wanda ya tsara shi.

Saboda haka in yaro ya jefo maka wannan tambaya, kada ka kore shi da "ai fim ne kawai". Ba shi labarin Ismail al-Jazari, wanda a 1206 ya rubuta littafin na'urori masu motsi da ruwa, har da agogon giwa. Sannan ka kai shi gareji ya ga yadda ake kwance inji a mayar, ya ƙirga hannaye nawa ake buƙata kafin ƙarfe ya motsa.