Ɗan Dabo da Ɗan Tauri a Kudancin Kano

A ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da wuya a sami mutumin da wasan siddabaru kaɗai ke ciyar da shi. Galibi manomi ne ko maharbi. Da damina yana gona kamar kowa, sai kaka ta yi an kawar da amfani, sannan ya ɗauko warkinsa da layu da wuƙaƙe ya bi kasuwanni da bukukuwa. Watau sha'awa ce ke kai shi fage, ko da yake ba ya ƙin kyautar 'yan kallo.

Ya kamata a rarrabe kalmomi biyu da akan cuɗanya. Dabo rufa-ido ne, watau saurin hannu da karkatar da hankalin mai kallo, har ya ga kamar tsakuwa ta zama kuɗi. Tauri kuwa da'awar magani ce, cewa an sha an yi wanka, don haka ƙarfe ba ya kama jiki. Ɗan dabo yakan yi yawo da yaronsa kawai, amma ɗan tauri ba ya tsayuwa sai da ƙungiya, wadda ke da sarkinta da makaɗanta.

Yaro kan shiga ne ta gado, ko ta bin ubangida, ya daɗe yana ɗaukar jaka kafin a nuna masa saiwa ɗaya, kuma kowane magani da sharaɗinsa. Kusancin waɗannan garuruwa da Dajin Falgore ya sa tauri ya haɗu da farauta, domin a dawa ake samun saiwoyin, a can kuma ake gane jarumi. Ranar gangi, da makaɗi ya taɓa taken mutum sai ya tsima, ya zabura yana kirari, ya zare wuƙa ya yi ta gurza ta a ciki da wuya. Idan jini ya fito, ba a cewa maganin ƙarya ne. Sai a ce ya saɓa sharaɗi, ko wani na gefe ya karya masa.

Ingila ma tana da irin wannan ƙungiya, Magic Circle, da aka kafa a Landan a 1905, kuma da yawa daga 'ya'yanta suna da wasu sana'o'in. Takwararta ta Amurka ta girme ta da shekara uku, Houdini ya shugabance ta daga 1917 zuwa 1926. Su ma ɓoye sirri wajibi ne a kansu, har akan kori wanda ya tona. Sai dai su sun yarda dabara ce. Ɗan tauri ba shi da wannan mafita, domin da zarar ya ce dabara ce, girmansa ya zube. Idan kuwa ya nace magani ne, malamai su tuhume shi da dogaro ga wanin Allah.

Har ila yau akwai wani nauyin. Tun da 'yan daba suka ari kiɗan da kirarin a birnin Kano, 'yan sanda kan hana taron gangi, har ma wasu masu sauraro ba sa bambanta "ɗan dabo" da "ɗan daba", alhali wasali guda ya raba mai wasa da mai laifi. Saboda haka dattawa da dama a karkara suka rataye wuƙaƙensu, ba su kuma nuna wa 'ya'yansu saiwoyin ba.