Mai Fito a Mashigin Makango

Wanda ya bar Salaga ta ƙasar Gana ya nufi kudu, hanya za ta kai shi Makango ta ƙare. Daga nan sai ruwa, kuma sai abin da mai fito ya ce. Yeji na can tsallake, garin da fataken goro suka san mashiginsa tun zamanin da ayarin Kano da Sakkwato ke biyowa ta Yendi su sauka Salaga. A wancan lokaci kogi ne mai gaɓa biyu da ake hango juna. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya ja da baya ya cika kwari, ya zama tafkin Bolta mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. Ya haɗiye gonaki da ƙauyuka, har da tsohon garin Kete Krachi inda malamin nan Alhaji Umaru Salga ya ƙare rayuwarsa a 1934. Ya kuma haɗiye daji sukutum, ba a sare itatuwan ba.

Wannan dajin da ke ƙarƙashin ruwa shi ne makarantar mai fito. Baƙo na ganin ruwa shimfiɗe kamar tabarma, shi kuwa matuƙi hanya yake gani, da kwana, da wurin da bai kamata a kusanta ba. Kututturen da ya fito fili ba ya ba shi tsoro. Wanda ke hana shi barci shi ne wanda ruwa ya rufe da ɗan taki ɗaya, yana jiran cikin jirgi. Tafkin kuma ba ya zama wuri guda: bayan damina ya cika, da rani ya janye, saboda haka hanyar da aka bi lafiya a watan Nuwamba tana iya fasa jirgi a watan Mayu. Ba taswira, ba alama. Yaro yakan fara da kwarfar ruwa daga cikin jirgi, ya koma gaba yana leƙen kututture yana nuni da hannu, sai ya shekara da shekaru kafin a bar masa inji. Wasu yaran, abin takaici, ba koyon sana'a ake kawo su ba, nutso ake sa su yi su kwance taru da ya sarƙe a itace, kuma ba duka ke fitowa ba.

Yawancin masuntan tafkin Ewe ne da suka hauro daga kudu, amma a bakin ruwa da Hausa ma ake raba gardamar ciniki. Jirgin mai fito na katako ne dogo, an ɗaura masa inji Yamaha a baya. Doya, buhunan gawayi, kwandunan busasshen kifi, babura, awaki, duk ciki. Akwai babban jirgin da ke ɗaukar motoci, wanda ake kira pantun, sai dai mai sauri ba ya jiran sa. A nan jarabar sana'ar take: kowane fasinja kuɗin mai ne, kuma mai jirgin da ya iya cewa ya isa haka alhali ana miƙo masa kuɗi, shi ne gwani a wurina. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, balle a farkon damina da hadari ke tasowa ba sallama.

Wani sabon reshe ya tsiro wa fito a arewacin Gana: ɗaukar iyali da abokai su je kallon namun ruwa. A Wechiau, kan Baƙin Bolta, sarakunan yankin sun keɓe kusan kilomita 40 na kogi domin dorina, 'yan gari ne kuma ke tuƙa baƙi. A Mognori, gefen gandun dajin Mole, haka ake yi da ƙaramin kwalekwale. Nan ba a son inji, filafili ake sa wa ruwa a hankali. Idon da ya saba rarrabe kututture shi ke fara hango kunnuwan dorina, ko kada kwance kamar gungume, ko guza a kan reshe, tun yara ba su daina kallon zalɓe da balbela ba. Matuƙi ya san dorina na iya yin minti biyar a ƙasa, ya san ba a shiga tsakaninta da ɗanta, ba a kuma tare mata hanyar zurfi. In ya ce a zauna, mai ɗaukar hoto ma sai ya zauna.

Can wajen Bawku kuwa fito aikin lokaci ne. Farin Bolta da rani yaro ma na iya ratsa shi a wasu wurare, amma in an buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso wajen Agusta ko Satumba, ruwa kan malale gonakin masara da na gero. Manomin da ya jingine kwalekwalensa a gindin bishiya tun bara sai ya jawo shi, ya toshe ɓarakar da kwalta da tsumma, ya koma ɗauko mutane da damman da aka samu cetowa.