Naɗar faifan CD: Me ya sa matsakaicin gudu ya fi aminci?

Duk da yaɗuwar filas da aika takardu ta intanet, faifan CD-R bai bar ofisoshin gwamnati ba. Har yanzu akan buƙace shi wajen miƙa kwafin takardun neman kwangila, rahotanni da sautin taruka. Sai dai faifan da ya buɗe lafiya a kwamfutar wanda ya naɗa shi yakan ƙi buɗewa a ofishin da aka kai shi, kuma ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne gudun da aka zaɓa lokacin naɗawa.

Gudun 1x yana nufin kilobait 150 a daƙiƙa guda, wato faifai mai megabait 700 zai ɗauki minti 80 kafin ya cika. Da 16x aikin kan ƙare cikin minti 5 zuwa 6, da 52x kuwa kimanin minti 3. Na'urar tana fara rubutu ne daga tsakiyar faifan, ba ta kuma kai 52x sai ta kusa bakinsa. Ke nan ribar gaggawar ba ta wuce 'yan mintuna ba.

A cikin faifan akwai siririn rini wanda hasken leza ke ƙonawa, ya bar tabon da ake karantawa a matsayin bayanai. A gudun 52x faifan yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti. Girgiza takan ƙaru, tabon kuma ba ya fita sarai, musamman idan faifan mai araha ne. Sabuwar na'ura kan gyara irin waɗannan kurakurai ba tare da mai aiki ya sani ba, tsohuwa kuwa sai ta gaza. Faifan sauti ya fi shiga haɗari, domin kariyarsa daga kuskure ba ta kai ta faifan takardu ba.

Wannan ba ya nufin a koma 1x ko 2x. An tsara rinin faya-fayan zamani domin saurin gudu, saboda haka jinkirin da ya wuce kima shi ma yana iya ɓata rubutun.

Abin da ya fi dacewa shi ne a duba iyakar gudun da aka rubuta a jikin faifan, a zaɓi rabinsa ko ƙasa da haka: 16x zuwa 24x ga takardu, 8x zuwa 16x ga sauti. A kuma umarci manhajar ta tantance abin da aka naɗa bayan ta kammala, sannan a gwada faifan a wata kwamfuta dabam kafin a saka shi a ambulan. CD-R sau ɗaya ake rubuta shi; idan ya lalace, sai dai a sake sabo.