Giya ta biyar a cikin Fijo 504: abin da ya kamata a sani kafin a kwance tsohon akwati

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai Fijo 504 da ke ajiye a gindin dogon yaro, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Motar uba ce ko ta kaka, shi ya sa ba a son sayar da ita ga masu gwangwan. Idan ɗa ya samu hali, ko yana Yamai ko yana ci-rani a Abijan ko Faransa, yakan aiko da kuɗi a tashe ta. Bayan fenti da gyaran inji, tambayar da ke biyo baya ita ce ta akwatin giya, wanda makanikanmu ke ce ma "bwat": a bar mai giya huɗu, ko a sa mai biyar?

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a Kaduna, aka ci gaba da ƙera 504 a can shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Wannan ne dalilin da ya sa kayanta ba su ɓace ba a yankinmu, daga Katako a Yamai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna.

Me giya ta biyar ke ƙarawa?

Mafi yawan 504 sun zo da akwati mai giya huɗu, samfurin BA7. A giya ta huɗu, duk juyi ɗaya da inji ya yi, sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya ita ma juyi ɗaya take yi. A cikin gari wannan ba matsala ba ce. Amma wanda ya ɗauki hanyar RN1 daga Yamai zuwa Maraɗi, fiye da kilomita 600, ya san yadda inji ke kuka sa'o'i a jere, ga zafin bazara, ga isansi na ta zuƙewa.

Fijo 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji tsarin 504 kusan kaf, kuma da yawanta na ɗauke da akwati mai giya biyar, BA7/5 ko BA10/5. Giya ta biyar tana rage juyin inji da kusan kashi ɗaya cikin shida a gudu iri ɗaya. Ƙara na raguwa, inji na samun sauƙi, shan mai na sauka a doguwar tafiya. Sai dai ba ta ƙara wa mota ƙarfi ko kaɗan. Wanda ke lodin buhuna a bashe, ko yake yawan bin hanyar rairayi, ba zai ga amfaninta sosai ba, don zai riƙa komawa ta huɗu da ta uku.

Inda aiki ke lalacewa

Kuskuren farko a kasuwa ake yin shi. Injin isansi na 504 a kishingiɗe yake sosai, na gazuwal kuwa bai kai shi kwanciya ba, don haka bakin akwatin da ke haɗuwa da inji ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya sayo akwatin motar gazuwal ya kawo ma mai isansi, zai tarar ƙusoshi ba su yi daidai ba. Makaniki ya tafi kasuwa da kanshi, ya gwada bakin, ya juya sandar da hannu, ya shiga kowace giya, ya kuma tsiyaye man ya duba ko akwai garin ƙarfe a ciki.

Na biyu shi ne tsawo. Sandar da ke kai ƙarfi baya a 504 tana tafiya ne a cikin bututun ƙarfe da ke ɗaure akwati da gadar baya. Akwati mai giya biyar ya fi tsohon tsawo, saboda haka sandar da bututun dole su zama gajeru. Ƙaramar mota, da familiyal, da bashe, kowace da nata awon. Hanya mafi aminci ita ce a samo sanda da bututun da suka dace, a auna kafin a biya. Idan aka yanke aka yi walda da ido kawai, motar za ta riƙa kakkarwa a gudu, ƙarshe ta cinye akwatin da aka kashe kuɗi a kai.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kowane na iya tsayar da aiki mako guda. Haƙoran faifan ambireyaj su dace da sandar sabon akwati, kuma tunda an riga an sauke komai, gara a sa sabon faifai da ƙwallonshi lokaci guda. Tsofaffin 504 masu sandar giya a jikin sitiyari sai an mayar da ita ƙasa, an huda bene daidai wurin. A duba igiyar agogon gudu, don yakan koma yin ƙarya bayan canji. Game da mai kuma, Fijo man inji ta tsara ma akwatin BA7, mai kauri na gadar baya ne.

Birki kafin gudu

Mota da ta daina kuka tana yaudarar direba. Ƙafa na nutsewa ba a sani ba, alhali birki da tayoyi da robobin ƙafa na shekaru talatin ko arba'in ne. Familiyal da bashe ma ganga ce gare su a baya, ba faifai ba. A kan hanyar da jaki ko amalanke ke iya ɓullowa kowane lokaci, wanda kuɗinshi ba su isa duka biyun ba ya fara da birki, giya ta biyar ta jira.

Ga ƴan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga nesa, shawara ita ce kada a tura duka a dunƙule. A nemi hoton lambar da ke jikin akwati kafin saye, hoton sanda kusa da ma'auni, da bidiyon gwajin hanya bayan an gama, sannan a cika kuɗin aiki.

Tsohon akwatin kuma kada a bar shi a garaji ya bi gwangwan. A wanke shi, a zuba mai, a ajiye shi a ɗaki tare da sandarshi da bututunshi. Masu neman tsofaffin motoci sun fi daraja wadda za a iya mayarwa yadda ta fito daga kamfani, kuma ran da sabon akwati ya ba da matsala, akwai abin da za a ɗora motar ta ci gaba da tafiya.