Ƙungiyar ƙwallo daga unguwa take tashi

Manyan ƙungiyoyin ƙwallo biyu na Yawunde a unguwa aka haife su. Canon, wadda aka kafa a 1930, 'yar Nkolndongo ce, Tonnerre ta 1934 kuma 'yar Mvog-Ada ce. Canon ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980, biyun ƙarshe Thomas N'Kono na tsaron raga. Tonnerre ce ta fara cin kofin masu kofuna na Afirka a 1975, Roger Milla na cikinta, kuma daga nan George Weah ya wuce Monaco a 1988. Abin da ya ɗaga su shi ne mutanen da suka ɗauke su nasu, suna cika fili ko an ci ko an sha kashi. Da rigimar shugabanci ta shiga tsakani sai ƙarfin ya ragu: rabon Tonnerre da lashe gasar ƙasa tun 1988, Canon kuma tun 2002.

Wannan darasi ya shafi unguwar Briketeri ta Yawunde kai tsaye. Yara suna nan birjik, suna buga ƙwallo a lungu tsakanin shagunan tela da teburan masu tsire, da dutse biyu a matsayin raga, ga gasar hutun makaranta da ke tara jama'a. Abin da ke wuya shi ne ƙungiyar da za ta rayu bayan an koma aji. Wani zai ce zamani ya canza, yanzu kuɗi ke magana, ga Coton Sport ta Garwa da kamfanin auduga ke tsaya mata ta mamaye gasar ƙasa. Gaskiya ne, amma a dubi Crossmaglen, ƙaramin gari a arewacin Ayalan da bai kai mutum dubu biyu ba. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1887, tana buga ƙwallon gargajiyar ƙasar, wadda ake kama ta da hannu a kuma buga da ƙafa, ba a biyan ɗan wasa ko sisi, kowa garinsu yake bugawa. Sojojin Birtaniya sun mamaye wani ɓangare na filinsu shekara da shekaru, duk da haka sun ci kofin ƙungiyoyin Ayalan baki ɗaya sau shida tsakanin 1997 da 2012.

Za a ce ai wasansu na sa kai ne, namu kuwa sana'a ce. Haka ne, kuma ba wanda ke cewa Briketeri ta ja da Coton gobe. Abin da ake nema ƙungiya ce mai rajista, mai kwamiti da littafin kuɗi a bayyane, wadda ba ta rataye a aljihun attajiri ɗaya ba, ta koyar da yaro ƙwallo ba tare da ya bar boko ko islamiyya ba. Unguwar da ta iya adashi da gina masallatai ba za ta kasa sayen riguna da biyan koci ba. 'Yan kasuwa da masu unguwa, ku zauna ku kafa ta.