Kuloci Mai Aiki da Man Birki: Yadda Direba Zai Gane Inda Laifin Yake

Motocin da aka ƙera domin hanyar burji da daji, irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser, su ne ke kai ma'aikatan lafiya da malaman gona ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, su ne kuma ke fito da marar lafiya ko mai naƙuda zuwa asibiti. In irin wannan mota ta lalace a Legas ko Kaduna, abin da sauƙi, gareji na kusa. Amma in ta tsaya a hawan tsaunin Mambila, ko cikin rairayin arewacin Yobe, ko a fadamar Haɗejiya tsakiyar damina, to, babu bakanike sai direban da ke cikinta.

Daga cikin abubuwan da kan tsai da su akwai kuloci. Da zarar giya ta ƙi shiga, sai ka ji an yanke hukunci cewa faifan kuloci ya mutu, sai an sauke giyabos. Wannan kuwa aikin yini guda ne ko fi, ga kuɗi masu yawa. Alhali sau da yawa faifan lafiyarsa lau, laifin yana cikin hanyar man da ke tura shi, wataƙila 'yar roba ce da ba ta fi zobe girma ba. Ƙafar direba da idonsa sun isa su rarrabe tsakanin biyun.

Yadda yake aiki

Tun daga ƙirar Land Rover ta biyu, wadda ta fito a 1958, aka bar sandunan ƙarfe aka koma tura kulocinta da mai. Haka ma Land Cruiser take. Idan direba ya taka feda, wani ɗan sanda ne ke tura fistin a cikin famfon sama, wanda kanikawa ke ce wa masta. Man ya bi ta bututun ƙarfe, sa'an nan ta gajeren tiyo na roba, ya isa famfon ƙasa da ke manne a jikin kwanson kuloci, watau inda injin ya haɗu da giyabos. Shi kuma famfon ƙasa ya tura wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, gwafar ta danna boris, faifan ya saki injin, giya ta sami damar shiga.

Abu ɗaya tak za a riƙe a nan. Mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka sa masa a sama sai ya kai shi ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka duk abin da ya rage man, ko ya shigar da iska cikinsa, ko ya ba shi hanyar zillewa, ya raba ƙafar direba da faifan.

Abin da feda ke faɗi

Idan feda ta faɗi ƙasa sakwaf babu nauyi, a fara buɗe gwangwanin man da ke kan famfon sama, bayan an goge murfin sarai don kada ƙura ta faɗa. In ya ƙafe, akwai yoyo, kuma ƙara mai ba tare da an nemo shi ba ɓata lokaci ne. A leƙa cikin mota, can saman feda. In wurin ya jiƙe, ko fenti ya kumbura yana saɓulewa, to, famfon sama ne, gama man birki yana cin fenti. A bi bututun ƙarfe da hannu, domin girgizar hanya mai gargada takan sa ya riƙa gogar jikin mota har ya huje. A lanƙwasa tiyon a duba tsagewa. Daga nan a kwanta a duba famfon ƙasa. A Land Rover bakinsa yana cikin kwanson, don haka in ya yi yoyo, man yakan ɗigo ta hujin da ke ƙarƙashin kwanson, har a zaci baƙin mai ne. Bambancewa ba wuya: man birki yana garwayuwa da ruwa, baƙin mai kuwa sai ya taso sama.

Wanda ya fi ruɗa direbobi shi ne in gwangwani na cike, babu ɗigo ko'ina, amma kuma kuloci ba ya riƙo. A ja birkin hannu, a tashi injin, a taka feda har ƙasa, a sa giya ta ɗaya, a ci gaba da riƙewa kamar rabin minti. In an ji injin ya fara nauyi, mota na neman ja alhali ƙafa ba ta motsa ba, to, robar da ke cikin famfon sama ta sure, man yana zillewa ta gefenta yana komawa gwangwani. Yoyo ne, amma na ciki. Maganinsa sabuwar roba, in ramin famfon bai tsatsa ko ya karce ba. In ya karce, sabuwar robar ma ba za ta daɗe ba, sai a sake famfon ɗungum. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya sake ɗaya daga cikin famfunan nan ya sake ɗayan ma, domin tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha.

Feda mai laushi kamar soso, wadda in an bubbuga ta sau uku ko huɗu sai ta ɗan yi ƙarfi, iska ce ta shiga. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. A cika gwangwani. A zura siririn tiyo a kan kusar iska da ke jikin famfon ƙasa, ɗaya bakin a tsoma shi cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ƙasa ya sassauta kusar kamar rabin juyi, na sama ya taka a hankali har ƙasa ya riƙe, na ƙasa ya ɗaure, sa'an nan na sama ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi har kumfa ta daina fitowa, ana ƙara mai a kai a kai, gama in gwangwani ya ƙafe an koma farko. In an yi an yi iska ta ƙi ƙarewa, a duba yadda aka ɗaura famfon ƙasa. Lalle ne kusar iska ta kasance a sama, bututu a ƙasa. Akan ɗaura shi a juye, iska kuwa ba ta sauka.

Akwai kuma motar da kan tashi lafiya da safe, amma in rana ta take, an daɗe cikin rairayi ko hawa, sai feda ta saki. A tuhumi tsohon mai. Man birki yana zuƙar laima daga iska. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, DOT 4 kuwa 230, amma in sun sha ruwa sai su sauko zuwa 140 da 155. Famfon ƙasa kuma yana maƙwabtaka da injin da salansa. Ruwan nan dai shi ne ke sa tsatsa ta ci ramin famfo. Don haka a juye man a zuba sabo duk shekara biyu, ko da wuri in ya yi baƙi.

Idan kuwa kuloci na sulɓi ne, injin na kuka mota ba ta ja, kada a yi saurin ɗora wa faifan laifi. A taɓa feda da hannu. Ya kamata ta ɗan yi wasa kafin a ji nauyi. A tsofaffin Land Rover, ratar da ke tsakanin sanda da fistin milimita 1.5 ce, wadda ke ba feda wasan kamar milimita 6. In wani ya ɗaure sandan ya cinye wannan rata, fistin ba ya komawa mazauninsa, man da zafi ya kumbura ba ya samun hanyar komawa gwangwani, sai ya zauna yana danne da kuloci kamar an ɗora ƙafa. Tiyon da cikinsa ya ruɓe ma yakan yi haka. A sassauta kusar iska ba tare da an taka feda ba. In man ya yi tsartuwa, sulɓin kuma ya daina, an gano ɓarawon.

Inda laifin ba na mai ba ne

In feda na da nauyinta daidai, gwangwani cike, babu iska, amma giya na gurzawa in injin na aiki, tana kuma shiga lami lafiya in an kashe shi, to, yanzu ne hankali zai koma cikin kwanso. Motar da ta ratsa kogi ko taɓo aka ajiye ta kwanaki, faifanta yakan manne da tsatsa. Saboda wannan ne aka yi wa hujin ƙarƙashin kwanson Land Rover matoshi mai zare. A ɗaura shi kafin a shiga ruwa, a cire shi bayan an fito, domin in aka bar shi, man da ya ɗigo zai taru ya jiƙe faifan. Ƙaurin ƙuna bayan fama cikin rairayi alama ce ta direban da ya riƙa wasa da feda maimakon ya sa ƙaramar giya ta daji. A lura kuma, a wasu motocin baya-bayan nan, kamar Defender ta 2007 zuwa 2016, famfon ƙasa yana can ciki gaba ɗaya, ba a isa gare shi sai an sauke giyabos.

Man da za a zuba

A karanta abin da aka rubuta a murfin gwangwani, a sayi irinsa, a rufe da hatiminsa. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 kuwa wani iri ne daban, ba a gauraya shi da su. Baƙin mai da man giya da kananzir da man gas duk guba ne ga robobin nan. Cikin ɗan lokaci za su kumbura su yi laushi, daga nan sai an sake kowace roba da tiyon baki ɗaya. Ko wanke famfo kada a yi da fetur, sai da man birkin kansa. In larura ta kai maƙura, ga rai a mota, babu man birki, ruwa mai tsabta ya fi waɗancan sauƙin ɓarna, muddin za a juye shi a wanke hanyar da an isa gari. Wannan ga kuloci kaɗai. Ba a zuba wa birki ruwa ko ta halin ƙaƙa, kuma wasu tsofaffin Land Rover gwangwani ɗaya ne ke ciyar da su biyun, rabe a ciki, don haka a duba da kyau. Man birki guba ne ga mutum: kada a ajiye shi cikin kwalbar lemo inda yara za su gani, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a kashe injin, a sa wa ƙafafunta waigi gaba da baya. Kada a dogara ga jak shi kaɗai.

In gyara ya faskara a daji, ana iya fitar da mota ba kuloci. A bar injin ya yi ɗumi ba a cikin giya ba, a kashe shi, a sa giya ta ɗaya, a tabbata babu kowa a gaba, a saki birkin hannu, a murɗa makulli. Motar za ta zabura ta tashi tana tafiya. Wasu sababbin motoci ba su tashi sai an taka feda, to, a taka ta ko da babu nauyi. Gara a zauna cikin giya ɗaya a tafi sannu. In za a tsaya, a ɗaga ƙafa daga totur, a zare giya, a taka birki. Dabarar fita daga daji ce zuwa garin farko, ba ta shiga kasuwa ko babban titi ba, kuma kowane tashi yana cin batir.

Direban da zai yi nisa ya tafi da gwangwani guda na man birki wanda ba a fasa ba, da robobin famfunan biyu, da tiyo, da sufanar da ta yi wa kusar iskar motarsa daidai.