Tsatsar da ke ɓoye cikin kankaren Bakolori

A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato. Yawancinta ganuwar ƙasa ce mai tsawon kilomita 5.5, amma tsakiyarta kankare ne, mita 360 a tsawo, 48 a tsaye. Da ita da magudanai da kwalbatoci da gadojin da ke ratsa gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun, duk sun doshi shekara hamsin, shekarun da ido kaɗai ba ya isa ya ba da shaidar lafiyar kankare.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyi, amma rago ne idan aka ja shi, shi ya sa ake sa masa rodi. Ruwa da iska na kutsawa sannu a hankali har su tarar da ƙarfen. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tunkuɗo kankaren ya tsage, ya yi jan zane, ɓarɓashi ya zubo. Wannan ma da sauƙi, tunda yana gargaɗi. Mai wuyar sha'ani shi ne irin ginin da ake zura wayoyin ƙarfe cikin bututu, a ja su da inji bayan kankaren ya yi ƙarfi, a cika bututun da kunun siminti. Haka ake yin manyan gadoji da shimfiɗar benaye masu faɗi. Duk inda kunun bai cika ba, ruwa zai kwanta, wayar ta yi ta cinyewa alhali fuskar ginin sumul. Gadar Morandi da ke birnin Genoa na Italiya, wadda aka buɗe a 1967, ta rufta a Agustan 2018 ta hallaka mutum 43, kuma an tarar wayoyinta da ke lulluɓe cikin kankare sun yi tsatsa.

Manomin yankin Bakolori zai iya cewa ƙasarmu busasshiya ce, ina tsatsa za ta samu zama? A bangon ɗaki yana da hujja. Amma magudanar noman rani kullum cikin jiƙa da bushewa take, kuma babu abin da tsatsa ke so kamar haka. Mai cewa bincike tsada gare shi ma bai duba da kyau ba: matakin farko guduma ce, inda kankare ya rabu da rodi sai ya yi amon ƙwarya. Daga nan ne na'urar hango ƙarfe da yanko samfuri ke biyowa, a wuraren da ake zargi kawai.

Abin da na fi tsoro shi ne filasta. Magini ya shafe tsaga, fenti ya hau, shaidar da injiniya zai karanta ta ɓace. Idan kuwa ginin mai wayoyin da aka ja da inji ne, fasa shi don shigar da famfo ba tare da taswirarsa ba na iya tsinke waya ɗaya da ke riƙe da nauyin tan masu yawa.